Abin Da Ba A Sakawa A Adakar Inna



A 'yan kwanakin nan na hidimar Sallah tela ba ya barci, mai kitso ba ta miƙe baya, mai lalle kuwa sai da layi. Wannan duk hidimar sabon kaya ce. Amma akwai tsohon kayan da shi ma ba ya ganin rana sai Sallah ta ƙarato. A jawo adaka daga ƙarƙashin gado, ko akwatin ƙarfen nan mai kwaɗo, a ɗaga murfi, ƙamshin turaren wuta na shekara da shekaru ya daki hanci. Ga zanen saƙi da ba a ƙara ɗaurawa ba tun ranar da mai shi ta kwanta dama. Ga atamfar ankon bikin wance. Ga tsakiya da murjani ƙulle a bakin tsumma, ga carbin tsarabar Makka, ga hoton Sallah na situdiyo, an jeru gaban labule mai furanni, kowa ya ƙame, ba mai dariya. Kwallar nan mai jan murfi da ake zuba soyayyen naman layya, ko da rabon gado ya kai ta ɗakin auta, har gobe sunanta kwallar Inna.

Yara kan zagaye kayan nan da tambayoyi, manya kuma ba sa rowar amsa. Za a faɗa musu shekarar da Inna ta sauke farali, da yawan 'ya'yan da ta haifa da waɗanda ta riƙa, da yadda miyar kukarta ba ta da ta biyu a unguwa. Har faɗan da suka taɓa yi da abokiyar zamanta a kan turmi sai an ba da labarinsa ana dariya. Tambaya ɗaya ce ake gajarce wa amsa: me ya yi ajalinta? Sai a ce, "Lokaci ne ya yi." In yarinya ta nace, a ce ciwon ciki ne, ko a ce ta dai sha jinya, Allah ya sa kaffara ce. A rufe adaka.

Lokaci ne ya yi, babu musulmin da ke jayayya da wannan. Sai dai ranar da jikar nan ta girma ta zauna gaban likita, ya tambaye ta ko a danginsu an taɓa samun mai kansar mama, ko ta mahaifa, ko ta hanji, abin da za ta iya cewa shi ne, "Wallahi ban sani ba." Ta gaji zane, ta gaji kwalla, amma abin da likita ke nema, wanda bai fi magana guda ba, an binne shi tare da mai shi. A kan wannan nake so mu tsaya yau, kuma tun da wuri ina neman afuwar iyayenmu mata, don maganar za ta ratsa inda aka saba sakayawa.

Kansar da ke kama mata ta ɓangaren haihuwa ba iri ɗaya ba ce. Akwai ta bakin mahaifa, akwai ta cikin mahaifa, akwai ta jakar ƙwai, wato 'yan gaɓoɓin nan biyu da ke gefen mahaifa inda ƙwan haihuwa ke fitowa, da wasu da ba su kai waɗannan yawa ba. Ta jakar ƙwai ita ce mai sanɗa. Ciki ya riƙa kumburi, mace ta yi loma biyu ta ji ta ƙoshi, fitsari ya yawaita, mara ta yi nauyi. Wa zai kai wannan asibiti? Sai a ce olsa ce, ko basir, ko a yi ta tsokanar baiwar Allah wai hutu ya karɓe ta ta yi teɓa. Kuma har yau babu wani gwaji da ake yi wa mata masu lafiya gaba ɗaya wanda ke kama ta da wuri. Ita ce ta yi ajalin Hajiya Maryam Babangida ranar 27 ga Disamba, 2009, tana da shekara 61, a wani asibiti a Kalifoniya ta Amurka. Matar da ta kafa shirin Better Life don matan karkara a 1987, ba kuɗin magani ta rasa ba, ba likita ta rasa ba. Abin da nake so a lura da shi, an faɗi sunan ciwon nata a fili, jaridu sun buga, kuma ban ji wanda ya ce darajarta ta ragu ko da ƙwayar zarra ba.

To tunda babu gwajin, da me likita ke kama bakin zaren? Da labarin dangi. A shekarun 1994 da 1995 masana suka gano wasu ƙwayoyin halitta biyu, BRCA1 da BRCA2, waɗanda in aka samu tangarɗa a cikinsu, haɗarin kansar mama da ta jakar ƙwai yakan ƙaru sosai. Mai ɗauke da tangarɗar, duk ɗan da ya haifa, ko ya gada ko bai gada ba, rabi da rabi ne. Kuma ta wajen uba ma tana biyowa. Namiji na iya ɗauke da ita bai sani ba, ya miƙa wa 'yarsa. Ke nan ciwon da ya yi ajalin Gwaggo ya shafe ki daidai da yadda na Inna ya shafe ki. Akwai kuma wani gadon da likitoci ke kira Lynch, mai haɗa kansar hanji da ta cikin mahaifa a zuri'a guda. Kada a tashi daga nan a ce na ce kowace kansa gado ce. Mafi yawanta ba gado ba ce. Amma 'yar kaɗan ɗin da ake gada, iyali ne kaɗai ke riƙe da shaidarta, kuma likitan da ya ji cewa mata biyu ko uku a gida ɗaya sun tafi da ciwo iri ɗaya tun ba su tsufa ba, ba zai sallame ki da maganin olsa ba.

Ba lokacin da ya fi Sallah dacewa da wannan bincike, don a lokacin ne ake samun tsofaffin gida a zaune, ana ta shigowa gaisuwa. Ba a tsakar gida za a yi tambayar ba, gaban surukai da yara. Bari a watse, ki bi Gwaggo ɗaki, ki zauna a ƙasa, ki ce, "Gwaggo, don Allah wane irin ciwo Yaya babba ta yi? A ina ya kama ta? Shekarunta nawa a lokacin?" Wataƙila ta ce miki, "Ke 'yar nan, me ya kawo wannan magana ranar farin ciki?" Ki yi haƙuri, ki ƙara tambaya. Tsofaffin nan su suka yi jinyar, su suka wanke tsummokaran, sun san komai. Abin da ta faɗa a rubuta shi, da boko ko da ajami, a ninke takardar a sa ta cikin adakar nan tare da zanen. In akwai tsohon katin asibiti ko takardar sakamakon gwaji, kada a ba yara su yi wasa da ita, kada mai ƙosai ta samu.

Yanzu ga wadda ta fi yi mana ɓarna, kansar bakin mahaifa. Ita wannan ba gadonta ake yi ba. Wata ƙwayar cuta ce mai suna HPV ke haddasa ta, kuma wani Bajamushe, Harald zur Hausen, shi ya gano haka, har aka ba shi kyautar Nobel a 2008. Ƙwayar iri-iri ce, amma iri biyu, mai lamba 16 da mai lamba 18, su ke jawo kusan kashi 70 cikin 100 na wannan kansa. Ta hanyar saduwa ake ɗaukarta, kuma a nan ne kunya ke rufe bakin kowa. To a saurara da kyau. Akasarin mutane, maza da mata, sukan haɗu da ƙwayar nan a wani lokaci bayan sun fara rayuwar aure, jiki ya kore ta da kansa ba tare da sun ma sani ba. Macen da ba ta taɓa sanin kowa ba sai mijinta tana iya kamuwa. Duk wanda ya ji mace na da wannan ciwo ya soma yi mata wani kallo, ya ɗauki alhakinta, ya kuma tallata jahilcinsa.

In ƙwayar ta ƙi tafiya, takan ɗauki shekara 15 zuwa 20 kafin ta rikiɗe ta zama kansa, ko shekara 5 zuwa 10 ga mai raunin garkuwar jiki. Shekara 15, jama'a! An yi goyo an yaye, an yi wani an yaye, ɗan fari ya shiga sakandare. Duk tsawon lokacin nan ana iya ganin tabon a kashe shi tun bai zama komai ba. Amma duk da haka, a ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, mata kusan 660,000 ne suka kamu a 2022, kimanin 350,000 suka rasu, mafi yawansu a ƙasashe irin namu. A Najeriya kaɗai, a 2020, kimanin 12,000 suka kamu, 8,000 suka rasu. In ka raba, kullum ta Allah mace sama da 20 ke nan.

Ina shekarun nan ke tafiya? Da yawa a wajen neman maganin sanyi suke ƙarewa. Duk ruwan da ya fito wa mace, duk wari, duk ciwon mara, a wurinmu sanyi ne, ga kuma mai mota da lasifika a bakin kasuwa yana rantsuwa cewa jarka ɗaya ta gama aiki. In kuwa jini ne, bayan saduwa, ko tsakanin al'ada da al'ada, ko bayan mace ta shekara da ɗaukewar al'ada, abin da ke fara damunta shi ne sallarta, kuma wannan abin yabo ne. Sai ta aika a tambayi malam, ko ta ja malamar Islamiyya gefe. A ba ta amsa daidai da littafi: in ya wuce kwanakin da aka ƙayyade, waɗanda a Malikiyya ba sa haura 15 ga wadda ba ta da ciki, to jinin istihala ne, ta yi wanka ta ci gaba da ibada. Fatawa ta yi daidai. Roƙona ga malamanmu, Allah ya ƙara musu daraja, shi ne su ɗora magana ɗaya a kai: "Sannan ki je asibiti a duba daga ina jinin nan ke fitowa." Sau da yawa malami ne mutum na farko, wani lokaci ma shi kaɗai ne, da ke jin labarin jinin nan.

Ga kuma tsohuwar maganar nan, wai ciwon daji, wato kansa, ba ya son ƙarfe, in allura ko wuƙa ta taɓa shi sai ya fusata ya bazu. Na san inda ta samo asali. Mutane sun ga an kai wance asibiti, an yi aiki, ba ta tashi ba. Shekara biyun da aka yi ana jiƙe-jiƙe da turare kafin a kai ta, su ba a sa su a lissafi.

In aka makara, magani sai gashi, wato a ƙone ciwon da na'ura, na'urar gashin kuwa ba a kowane gari take ba. Daga Arewa an saba nufar Zariya, ko Sakkwato, ko Abuja, a Nijar kuwa sai a 2021 aka buɗe cibiyar gashi ta farko a Yamai. Kuma ba zuwa ɗaya ba ne. Litinin zuwa Juma'a ne, wajen mako 5, ga ƙarin ruwan kemo mako-mako, sannan gashin ciki, likitoci kuma suna so a kammala duka cikin mako 8. Kuɗin mota, kuɗin masauki, abincin mai jinya, ledar jini. A nan ne ake komawa kan kayan ɗaki, ba don tuna baya ba. Ɗan kunnen zinare ke fara tafiya, sai sarƙa, sai ragon da ake kiwo don layya, sai keken ɗinki. Na ga mace a harabar asibiti ta kwance ɗan kunnenta, ta ƙulle a bakin gyale, ta miƙa wa ƙaninta ta ce, "Kada ka yarda da farashin farko, na Umma ne, tsohon zinare ne." Tun 2021 gwamnatin tarayya ta soma wani asusu na tallafa wa marasa ƙarfi masu kansa, ciki har da ta mama da ta bakin mahaifa, kuma asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya na cikin waɗanda aka fara da su. Kafin a kai zinaren kasuwa, a tambaya.

Amma a wannan wahala akwai abin da ke ba ni sha'awa, wanda ba gwamnati ta kafa ba, ba likita ya rubuta ba. Zumuncin benci. Matan da ke jiran layin gashi, wannan daga Gusau, waccan daga Azare, wata daga Maraɗi, ba dangin iya ba na baba, kafin mako ya zagayo sun zama Yaya da ƙanwa. Wadda ta riga shiga ita ke karantar da sabuwa. "Ki shanye ruwan nan da suka ce kafin a kira ki, ki riƙe fitsarin. Ki nemi zane mai laushi. Gudawa za ta zo, ki faɗa wa nas, kada ki tsorata ki gudu gida." Mai shan kemo ta zame ɗankwali ta nuna wa 'yar'uwarta sabuwar sumar da ke tsirowa, ta ce, "Kin gani? Tawa ma tas ta zube." Likita zai faɗi haka sau goma a ji kamar lallashi ne, amma kan da aka gani da ido ba ya buƙatar rantsuwa. Su karɓi lambar juna, wadda aka sallama ta riƙa kira daga gida da daddare, lokacin da ciwo ke tashi kowa kuma ya yi barci. Su yi karo-karo su cika wa wata kuɗin mota.

A kan bencin nan ne kaɗai ake faɗin abin da ba a faɗa ko wa uwa. Warin da ya sa aka mayar da mace ɗakin baya. Maigidan da ya daina shigowa, da raɗe-raɗin ƙarin aure. Yadda kwanciyar aure ke zama da zafi bayan gashi, da abin da ake yi a samu sauƙi. Wadda aka cire wa mahaifa tana da shekara 35, har yanzu dangin miji ba su sani ba, suna ta yi mata addu'ar ƙaro ɗa namiji. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, in ji masu iya magana, kuma ban ga inda maganar ta fi tabbata kamar nan ba. Sai dai fa a yi hattara, don duk inda marasa lafiya suka taru, 'yan kasuwa na biye. Za a samu mai cewa ta san wani mai magani a ƙauye kaza da ya warkar da ƙanwar maƙwabciyarta cikin kwana bakwai. 'Yar'uwar benci ta gari ita ce mai cewa, "Mu tambayi likita tukuna," ba mai raba ki da layinki ba. Ni a ganina asibitocinmu su daina kallon matan da suka warke a matsayin waɗanda aka gama da su. A ba su kujera a ranar asibitin mata, a ba su ɗan kuɗin mota, su zauna da sababbin zuwa.

Duk wannan doguwar tafiya kuwa, ta bakin mahaifa dai, ana iya tare ta tun daga tushe. Gwajin ba wani abu ba ne mai tsawo. Ma'aikaciyar lafiya za ta duba bakin mahaifa, ta shafa ruwan khal, irin dai na kicin amma wanda aka auna ƙarfinsa, ta jira minti guda. In akwai wurin da ya fara lalacewa sai ya yi fari. In ƙarami ne, akwai 'yar na'ura mai zafi da ake ɗora masa na ɗan lokaci kaɗan, mace ta ɗaura zanenta ta koma gida a ranar. Akwai kuma sabon gwajin neman ƙwayar HPV kanta, wanda a inda ake da shi mace na iya ɗaukar samfurin da hannunta, ba sai wani ya gan ta ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara daga shekara 30, mai ɗauke da HIV kuwa daga 25, domin haɗarinta ya ninka na sauran mata sau 6.

Sai rigakafi. Ranar 24 ga Oktoba, 2023, Najeriya ta shigar da allurar HPV cikin rigakafin yau da kullum, kyauta, allura ɗaya, ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, da burin kai wa ga yara miliyan 7.7. An fara da wasu jihohi, sauran suka biyo baya a watan Mayun 2024. Na san abin da ke ran wasu iyaye, kuma ba zan raina shi ba. Mutanen Kano ba su manta da gwajin maganin sanƙarau na 1996 ba, kuma kowa ya tuna yadda aka dakatar da rigakafin shan inna a 2003. Tambaya haƙƙin uba ce. To ga amsa. Allurar nan ba a kanmu aka fara ta ba. Tun 2006 ake amfani da ita, Ostireliya ta soma yi wa 'yan matanta a 2007, Ruwanda a 2011, yaran da aka yi wa a wancan lokaci sun girma, da yawansu suna goyon nasu 'ya'yan, kuma bincike bai nuna tana hana haihuwa ba. Abin da ke raba mace da haihuwa a zahiri shi ne kansar, ranar da likita ya ce sai an cire mahaifa ko an gasa ta. Dalilin zaɓar ƙananan yara kuwa, allurar ta fi aiki ne in an yi ta tun kafin a haɗu da ƙwayar, wato tun kafin aure.

Ragowar maganar taku ce, 'yan'uwana maza. A gidajenmu da yawa mace ba ta fita sai da izini, ba ta da kuɗin mota sai an ba ta, kuma ba za ta iya buɗe baki ta ce maka tana ganin jini bayan kun kwanta ba, sai dai ta ce ba ta jin daɗi. In ta faɗi haka, kada ka tsaya a kemis ka sayo mata maganin sanyi. Ka ce, "Shirya in kai ki." In ka fi so mace ce za ta duba ta, ka faɗa a wurin yankar kati, a yawancin asibitoci ungozoma ko nas mace ce ke yin gwajin. 'Yarka kuma mai shekara 9 zuwa 14, bayan an gama yawon Sallah, ka sa a kai ta asibitin sha-ka-tafi mafi kusa da ku a tambayi allurar HPV, a riƙo katinta a dawo da shi gida.